Wasiƙa zuwa ga Abba kan gudun yadi arba'in

Assalamu alaikum Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kamar yadda muke nan lafiya lau. Saƙonka ya iso, kuma muryar da na ji a ciki ba ta yi mini daɗi ba. Ka ce a ƙungiyarku ta ƙwallon Amurka a jami'a an gwada ku gudun yadi 40 ka yi sakan 4.61, biyu daga cikin waɗanda kuke neman gurbi ɗaya na mai cafe ƙwallo sun sauka ƙasa da 4.5, tun ranar kuma kake ganin kamar koci ya daina duban inda kake. Kana so in ƙaro maka kuɗi ka je wurin mai horar da gudu a dogon hutu, ka kuma rage nauyi. Maganar ta fi ƙarfin waya, inda kai kana saurin shiga aji ni ina gyangyaɗi, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba zan ce maka gudu ba komai ba ne, don ka san ƙarya ce. Bob Hayes ya ci zinare a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, daga baya ya shiga Dallas Cowboys, ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Amurka, kuma ana danganta yaɗuwar tsaron yanki da shi, wato kowane mai tsaro ya riƙe wani ɓangare na fili maimakon ya bi mutum ɗaya, saboda babu mutum ɗaya da zai iya binsa ƙafa da ƙafa. Mai gudu irin wannan ko ba a jefa masa ƙwallo ba ya yi aiki: masu tsaron can baya dole su ja da baya, tsakiyar fili ta buɗe wa sauran. A wasan jami'a ma abin ya fi tasiri. Tazarar da ke tsakanin ƙwararren ɗan wasa da na tsaka-tsaki tana da faɗi, ba kamar NFL ba, babbar gasar ƙwararru, inda kowa zaɓaɓɓe ne. Ga shi layukan da ake ajiye ƙwallo a filinku ƙafa 40 ne tsakaninsu, a NFL ƙafa 18 da rabi. Idan aka ajiye ƙwallo a layin hagu, sai ɓangaren dama ya zama fili fetal, a miƙa wa yaro mai ƙafa gajeriyar jifa ya kauce wa mutum ɗaya, shi ke nan sai dai a bi shi da kallo. Don haka kocinku bai yi laifi ba da ya riƙe agogo.

Amma ka tsaya ka dubi abin da agogon ya auna. An sa ka gajeren wando, babu hular kwano, babu sulken kafaɗa, ka durƙusa hannu a ƙasa, ka tashi lokacin da ka ga dama, ka miƙe sambal babu kowa a gabanka. Yaushe ka taɓa yin haka a wasanku na ranar Asabar? Kuma bambancin 4.4 da 4.6, idan ka lissafa, kamar yadi biyu ne a ƙarshen yadi arba'in. A yadi goma na farko bai kai haka ba ko kusa. Mai jifa kuwa, wato wanda ke jefo muku ƙwallo, yawanci sakan biyu da rabi zuwa uku yake da su kafin ƙattin abokan hamayya su rufto masa. Ƙwallo tana barin hannunsa tun kafin ka kai rabin tazarar da aka gwada ka, kuma galibin ƙwallayen da za ka cafe a rayuwarka ba za su wuce yadi goma sha biyar daga layin farawa ba. Abin da yake nema a wannan ɗan lokaci shi ne ya ga taki ɗaya tsakaninka da mai gadinka, a daidai wurin da kuka yi alkawari, a daidai lokacin da ya gama ja da baya.

Akwai mutum biyu da nake so ka riƙe, don rana ɗaya aka gwada su a Indiyanafolis a 2017, a taron da NFL ke gwada 'yan wasan jami'a kafin ƙungiyoyi su zaɓa. John Ross na Jami'ar Washinton ya yi 4.22, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa yi a wurin. Sai a 2024 Xavier Worthy na Jami'ar Texas ya yi 4.21. A zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL na 2017, Cincinnati Bengals suka ɗauki Ross a matsayi na tara. Cooper Kupp na Eastern Washington, ƙaramar makaranta da ba ta cikin sahun manya, ya yi 4.62, wato ka ma fi shi da ɗan ƙiris. Sai a zagaye na uku Los Angeles Rams suka ɗauke shi. A kakar 2021 Kupp ya cafe ƙwallo 145, ya tara yadi 1,947, ya shiga gidan maki, wato ƙarshen fili inda ake cin maki, sau 16, duka ukun shi ne kan gaba a NFL. A Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar NFL, aka zaɓe shi gwarzo, kuma ƙungiyar da suka doke ita ce Bengals ɗin nan da ta zaɓi Ross. Shi Ross a lokacin ya riga ya bar su.

Kada ka ɗauka ina yi wa Ross dariya. Rauni ne ya ci yawancin ƙuruciyarsa, kuma a jami'a gudunsa ya yi masa rana sosai, don a 2016 sau 17 ya cafe ƙwallo ya shiga gidan maki. Abin lura a wurin Kupp yake. A gwajin da ake zagaya robobi uku da wanda ake kai da komowa, inda ake auna tsayawa da juyawa, yana cikin na gaba-gaba. Kuma tun yana makaranta, da suka je gidan Jami'ar Oregon a 2015, ya cafe ƙwallo 15 na yadi 246 a gaban masu tsaron da manyan jami'o'i suka yi rububinsu. Waɗannan yara da yawansu za su tsere masa a miƙaƙƙen layi. Ba su san ta inda zai karya ba ne kawai.

Ka tuna farautar da kawunka yake kai ku bayan girbi. Kare ya kusa kai baki, zomo ya karya kwana, kare ya wuce da ƙarfin gudunsa yana turza ƙasa, kafin ya juyo an ba shi rata. Mai gadinka yana gudu ne da baya ko a karkace, bai san hanyar ba, kai ka sani. Wannan sanin ya fi kashi biyu cikin goma na sakan daraja, in dai ba ka tona wa kanka asiri ba. Yawancin yara suna tonawa: za su tsaya sai su ɗaga ƙirji, su rage taki tun da nisa, ido ya riga ya kalli inda za su. Duk mai tsaron da ya kalli faifanka sau biyu ya gama karanta ka. Abin da nake so ka kashe hutunka a kai shi ne takunka biyar na farko su zama iri ɗaya, ko yadi shida za ka je ko sittin. Ka koyi sauke ƙugu ka tsaya cikin taki biyu ko uku maimakon biyar. Ka koyi rage gudu da gangan don ya saki jiki, sannan ka fizga. Na kalli faifan wasanku na ƙarshe da ka turo, sau biyu ka zagaye kwana kamar mai tsoron zamewa, mai gadin ya riga ka zuwa ƙwallo. Ba gudu ya fi ka ba a can.

Sai tashi daga layi, wanda a wasan jami'a ya fi wuya ta wata fuska. A NFL bayan yadi biyar an hana mai tsaro taɓa ka. A wurinku muddin kana gabansa kuma ba a jefa ƙwallo ba, yana da damar ya bangaje ka. Wanda bai iya kakkaɓe hannun mutum daga ƙirjinsa ba, ko walƙiya ne shi, a layi zai ƙare. Nan ne maganar rage nauyi ta ba ni tsoro. Za ka zubar da tsokar da kake kare kanka da ita don ka sayi abin da ba ka da tabbacin samu.

Lokacin da nake karatu a Amurka ne Jerry Rice ya fito, daga Mississippi Valley State, makarantar da ko a cikin Amurkawa da yawa ba su san da ita ba. San Francisco 49ers suka ɗauke shi na 16 a 1985, ana ta gunagunin cewa ba shi da gudu. Ya yi kaka ashirin, ya cafe ƙwallo 1,549, yadi 22,895, har yau babu wanda ya kamo shi. Mahaifinsa magini ne, yana yaro yana taya shi aiki, 'yan uwansa suna jefo bulo yana cafewa a kan katakon gini. Abin da na gani da idona a talabijin shi ne ba a cika kamo shi ta baya ba, shi da aka ce ba ya gudu. Yadda yake gudu a rubu'in farko haka yake yi a na huɗu, lokacin da masu 4.4 suka dafa gwiwa suna haki. Kyautar da ake ba fitaccen mai cafe ƙwallo na jami'o'i ma, wadda kake mafarki, sunan Fred Biletnikoff aka sa mata, mutumin da aka sani da hannu da iya bin hanya, ba da ƙafa ba.

In kana ganin waɗannan tsofaffin labarai ne, dubi 'yan wasa biyu na Jami'ar Alabama. Henry Ruggs ya yi 4.27, shi ne mai cafe ƙwallo na farko da aka zaɓa a 2020. DeVonta Smith, siriri da ake cewa iska za ta ɗauke shi, ya zauna ya ƙara shekara, ya cafe 117, ya shiga gidan maki da 23 daga ciki, ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, wadda rabon mai irin aikinku da ita tun Desmond Howard a 1991. A wasan ƙarshe da Ohio State, kafin a tafi hutun rabin lokaci ya cafe 12 na yadi 215. Smith yana da gudu, kada ka ce na ce ba shi da shi, amma ka kalli yadda yake buɗe kansa. Shi kuwa Ruggs, a Nuwamban 2021 ya tuƙa mota a buge a Las Vegas da gudun da ya wuce mil 150 a awa, ya kashe wata baiwar Allah, aka yanke masa ɗaurin shekara uku zuwa goma. Wannan ba maganar fili ba ce, amma na ji ka fara aron motar abokinka, kuma mahaifiyarka ta ji.

To ga abin da na yanke. Kuɗin mai horar da gudu ba zan turo duka ba. Irin waɗannan wurare yawancin abin da suke koyarwa shi ne yadda za ka ci gwajin: inda za ka sa ƙafa, yadda za ka tashi, yadda za ka sunkuyar da kai. Zai yi maka amfani shekarar da za ka tsaya gaban masu zaɓe, kuma in Allah ya kai mu zan biya ko da zan sayar da wani abu. Yanzu kuwa makarantarku tana da mai horar da ƙarfi da aka ɗauka don wannan aikin, kyauta. Ka je ka same shi ka ce yadi goma na farko kake so ya gyara maka, da tsokar bayan cinya, don ita ce ke tsinke wa masu neman gudu da gaggawa, kuma in ta tsinke sau ɗaya tana son komawa. Abin da zan turo rabi ne, na abinci mai kyau da kuɗin zama kusa da makaranta, ka samu mai jifanku ku riƙa fita tare. Ranar da ya rikice, wanda hannunsa ya saba da shi zai nema.

Kada ka sha komai da wani ya miƙo maka a ɗakin sauya kaya, ko gari ko ƙwaya, sai likitan ƙungiya ya duba. NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, tana gwaji, kuma ba ta karɓar uzurin cewa ba ka san abin da ke ciki ba. Tallafin karatunka a kan wannan yake.

Maganar koci ya daina dubanka, zato kake yi. Ka nemi ganinsa a ofis, cikin ladabi, ka tambaye shi abu biyu da zai so ya ga ka gyara kafin kaka ta shigo, ka rubuta a gabansa. In ya ce a sa ka cikin masu bin ƙwallo idan an buga ta, ka karɓa. In ya ce ka koma ciki kusa da layin ƙatti maimakon gefe, ka karɓa, don can ne mai karanta tsaro yake cin abinci, Kupp ma yawanci daga can yake tashi. Ka kuma tare wa mai ɗaukar ƙwallo hanya kamar da gaske kake, don masu horarwa suna ganin wanda ke tafiyar hawainiya idan wasan ba nasa ba ne. Zancen sauya makaranta da ka ɗan taɓo a ƙarshen saƙonka, mu bar shi sai ka yi wannan ganawar ka gaya mini abin da ya ce.

Ƙasa da biyu cikin ɗari na masu buga wannan wasa a jami'a ne ke kaiwa NFL, ka san wannan kafin ka tafi. Sakamakon zangon da ya wuce har yanzu ban gani ba, ka turo mini shi tare da faifan atisayenku na gaba. Kuɗin za su shiga farkon wata in sha Allahu. Mahaifiyarka ta ce ka kira ta ranar Juma'a bayan ka sauko daga masallaci, ƙannenka kuma suna tambayar rigunan da ka yi musu alkawari.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka