Zuwa ga Malam Idi a Tawa, kan kukan kunne da kallon tele

Yamai

Assalamu alaikum Malam Idi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, da kuma zafin Adar da ya riga ya kama. Saƙonka ya iso, na ji kunnenka na dama na yi maka shuu, musamman da dare bayan an kashe tele, har kana tunanin sayen sabuwa. Kada ka yi gaggawar fitar da kuɗi tukuna.

Abu na farko, ka tantance ko ƙarar daga akwatin take ko daga kunnenka. Tsohuwar tele mai ƙaton baya tana fitar da wani siririn tsiwa na hertz 15,625 (hertz ma'aunin tsinin sauti ne), daga tiransifoma ɗin da ke zana layuka 625 na hoto. Yara na jin shi sarai, manya da yawa ba sa ji. Masu faifan fuska na LED ba su da wannan, amma allon wutarsu kan yi ziza idan aka rage hasken baya sosai, haka ma regilatar da ke daidaita wuta. Ka zare fulogin gaba ɗaya, ka fita tsakar gida na minti biyar. In ƙarar ta bi ka, to kunne ne, sabuwar tele ba za ta warkar da shi ba.

Inda mutane ke cutar kansu shi ne wajen murya. Siraran tele na yanzu lasifikarsu ƙanana ce, tana kallon ƙasa ko bango, sai maganar mai labarai a Télé Sahel ta fito a dunƙule. Mai kukan kunne, wanda galibi jinsa ya riga ya ragu a sautuka masu tsini, sai ya dinga ƙara murya. Maganar ba ta ƙara fitowa, kiɗa da talla ne ke hawa, kunne ya gaji, kukan ya ƙaru da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na iya jure desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa huɗu kacal ne. Gidan kallon ƙwallo mai manyan lasifikoki na kaiwa nan cikin sauƙi, don haka in ka je, zauna can baya.

A gida ka shiga saitin sauti da telekomandi. Kunna "Volume auto" ko "Mode nuit", su ne ke hana talla tsalle sama da shiri. In akwai "Voix claire" ko makamancinsa, shi ma kunna. In tana da egalizar, wato wurin daidaita kauri da tsinin sauti, ɗaga kilohertz 1 zuwa 3 da mataki biyu, nan sautukan da ke sa a ji kalmomi sarai suke, ka sauke na kilohertz 10 kaɗan. Janye tele daga jikin bango kamar tafin hannu, ka zauna mita biyu daga mai inci 43, ba can ƙarshen falo ba. Shirin da ke da rubutu a ƙasa a dikodar Canal+, kunna rubutun, ido ya ɗauki rabin aikin. In za ka kashe kuɗi, ƙaramar doguwar lasifika da ake haɗawa ta ramin tele da aka rubuta wa HDMI ARC ta fi sabuwar tele amfani a gare ka, don tana fuskantar mai kallo.

Hoto kuma cire shi daga "Dynamique", wannan na shagon mai sayarwa ne, sa "Cinéma", ka bar fitila ɗaya a kunne. Haske ba ya taɓa kunne, amma yana korar barci, rashin barci kuwa na sa kukan ya fi damun mutum.

Shiru tsit ma ba alheri ba ne. Shi ya sa kake jin kukan da zarar an kashe tele. Ka bar fanka ko rediyo a ƙasa-ƙasa, daidai yadda za ka ji su ka kuma ɗan ji kukan, kada su rufe shi ɗungurungum, da haka ƙwaƙwalwa ke sabawa ta daina kula shi. In aka ɗauke wuta aka tada gurup, a nisanta shi da ɗakin kwana.

Sai ka ga likitan kunne, wanda ake kira ORL, tunda gefe ɗaya ne. A duba dattin kunne, kada ka soka tsinken auduga, tura shi ciki yake yi. A auna hawan jini da ƙarfin ji, ka kuma faɗa masa magungunan da ka sha, domin kinin, aspirin mai yawa da allurar gentamicin duk suna iya kawo wannan. In kukan na bugawa tare da bugun zuciya, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, ko jiri ya shigo, kada ka kwana biyu. In sun turo ka Babban Asibitin Ƙasa na nan Yamai, ɗaki na jiranka.

Ka aiko mini da sunan tele ɗin da lambar da ke bayanta, in faɗa maka inda kowane saiti yake. Ka gaida Hajiya da su Balki.

Naka amini,
Sani