Takardar Koke Kan Jujin Shara da Ruwan Ƙazanta a Tsibirinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
ta hannun kansilan mazaɓarmu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, mu mazauna unguwannin da ke maƙwabtaka da babban juji muna kawo kukanmu gare ka a rubuce. Mun yi magana da baki a zama da dama, an ce mana za a duba. Damina ta zo ta wuce, jujin yana nan, har ma ya ƙara tudu.

Mu mutanen tsibiri ne. Wanda ke zaune a babban yanki yana iya kai shararsa can bayan gari, ya janyo ruwan sha daga kogi mai nisa. Mu kuwa teku ya kewaye mu ta ko'ina, abin da muka zubar yana nan tare da mu. Ruwan da muke sha na sama ne da ya nutse cikin yashi ya taru a ƙarƙashin ƙafafunmu, yana kwance a kan ruwan gishiri saboda ya fi shi rashin nauyi. Shi ke nan abin da muka mallaka. Ranar da ya gurɓace, babu wani da za a ɗebo a madadinsa.

To, a kan wannan ruwan aka kafa jujin. Ba a shimfiɗa yumɓu ko kaurin leda a ƙasansa ba, ba a kuma rufe shi da ƙasa bayan motoci sun juye. Idan aka yi ruwan sama, sai ya ratsa ta cikin ruɓaɓɓen abinci da tsofaffin batura da kayan asibiti, ya fito baƙi wuluk kamar tsohon man inji, ya bi gefen hanya har yashi ya shanye shi. Rijiyoyin gidajen da ke ƙasan gangaren sun soma canja launi. Uwa za ta ja guga da safe, ta sansana, ta zubar, ta sake ja, ko Allah zai sa na biyun ya fi. Da rani kuma jujin kan kama da wuta shi kaɗai, domin shara mai ruɓewa tana fitar da iskar gas mai ci. Wutar takan yi kwanaki tana cin ƙasa-ƙasa, hayaƙin roba ya cika ɗakuna, masu asma da jarirai su kwana suna tari.

Maganar ruwan ƙazanta ta fi wannan ciwo. Yawancin gidaje shadda suke da ita, kuma shadda tana bukatar yashewa duk bayan 'yan shekaru. Motar yashewa ta hukuma ta fi zama a gareji fiye da kan hanya. Wanda ya gaji da jira sai ya nemi masu yi da hannu cikin dare, su kai abin bakin teku su juye. Ba mu ga laifinsu sosai ba, don ba a ware musu wurin kaiwa ba. Bututun da ya tattara ruwan tsakiyar gari shi ma a gaɓa yake sauke kayansa ba tare da an tace ba, kuma idan teku ya cika sai ya turo shi baya, ya ɓullo ta kwatoci a ƙofar gidaje. A wannan gaɓar yaranmu ke wanka, a nan masunta ke wanke kifi. Ta irin wannan hanya kwalara da taifod ke shiga gari, wannan ba sabon ilimi ba ne ga ma'aikatan lafiyarka.

Wasu tsibiran sun riga mu shan wannan. A 2018 gwamnatin Filifin ta rufe tsibirin Boracay ga baƙi har wata 6, babban dalilin kuwa ƙazantar da ake sakarwa teku, dubban mutane suka zauna babu aiki. A Maldibs, tun 1992 ake jibge shara a Thilafushi, har wurin ya zama tsibirin bola mai hayaƙi. Singafo kuwa ta buɗe jujin Semakau a 1999, ta killace shi da shinge mai hana yoyo, tana ƙona shara kafin ta kai tokar can. Mun san aljihun ƙaramar hukuma bai kai na Singafo ba. Amma rufe shara da ƙasa kullum da yamma aikin mota guda ne da direba guda.

Abin da muke roƙo na farko, kuma mafi gaggawa, a gwada ruwan rijiyoyin da ke kewaye da jujin, a manna sakamakon a bainar jama'a, kowa ya san wadda zai sha da wadda zai bari. Unguwar da ruwanta ya lalace a kawo mata na tanka har a gyara. Sannan a hana ƙona shara a fili, a haƙa rami mai shimfiɗa da zai tare baƙin ruwan nan, a raba kayan asibiti da batura daga sauran shara. A gyara motar yashe shadda, a ware wurin zubarwa nesa da rijiyoyi da gaɓa. Bututun tsakiyar gari kuma a sa aikin tace shi cikin kasafin shekara mai zuwa, ko da tafkunan tacewa ne za a fara da su.

Muna biyan kuɗin tsafta, kuma a shirye muke mu tsara masu sa ido a kowace unguwa, mu raba shararmu tun daga gida idan aka ba mu mazubai. Muna neman amsa a rubuce cikin kwana 30, da ranar da kai da injiniyoyinka za ku zo mu zaga jujin tare, mu nuna muku rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya taya ka riƙo.

Naka cikin girmamawa,
Mazauna unguwannin gefen juji da bakin gaɓa.