Sanyin Kane Williamson ba ragwanci ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Maganar da aka yi a filin wasanninku na Asabar har yanzu tana ci mini rai. Sai an daɗe kafin ku tuna da wasan kurket, ranar da kuka tuna kuma mai gabatarwa ya ce wai Kane Williamson kyaftin ne mai sanyin jiki, ba ya tsawa, shi ya sa kofin duniya ya kuɓuce wa New Zealand. Haba Malam! Ya ma kalli wasan kuwa?

Ni dai na kalla. Ina karatu a Indiya a 2019, muna cunkushe a ɗakin talabijin na ɗalibai. Kwana huɗu kafin nan yaran Williamson suka fitar da Indiya, don haka babu mai ƙaunarsa a ɗakin. Ranar 14 ga Yuli a wasan ƙarshe a filin Lord's da ke Landan, New Zealand da Ingila suka tashi 241 da 241. Aka yi ƙarin zagaye, 15 da 15. Sai aka ce a ƙirga ƙwallayen da kowa ya kai bakin fili, Ingila 26, New Zealand 17, shi ke nan kofi ya tafi. Ga kuma ƙwallon nan da aka jefo ta bugi sandar ɗan wasan Ingila Ben Stokes ta gangara waje, aka rubuta wa Ingila maki shida. Wani Ba'indiye kusa da ni, wanda ya wuni yana yi wa New Zealand fatan faɗuwa, sai da ya dafe kai.

Shi kuwa Williamson ya tsaya gaban 'yan jarida yana murmushi, ya taya Ingila murna, bai ɗora wa alƙalan wasa laifi ba, alhali shi ne gwarzon gasar da maki 578. A daren nan ne Mahrez ya fitar da Super Eagles a Masar da bugun tazara, ni da ban taka ƙwallo ba na kwana ina zage-zage. Daga baya hukumar kurket ta duniya da kanta ta soke waccan doka ta ƙirga ƙwallayen da aka kai bakin fili.

Kuma mai gabatarwarku ya manta 2021 ne? A Southampton wannan mai sanyin jikin ya doke Indiya, ya ɗaga kofin farko na gasar wasannin kwana biyar, yana fili da maki 52 ba a fitar da shi ba. Ƙasar da mutanenta ba su kai na jihar Kano ba! A ƙarshen 2022 ya miƙa wa abokin wasansa Tim Southee kyaftin na wasannin kwana biyar ba hayaniya, ya ci gaba da wasa a ƙarƙashinsa.

Sannan don Allah ku duba lambar wayar nan taku. Sau bakwai na kira ranar, tana ta ƙara ba a ɗauka, ga shi kun mayar da shirin dab da magariba.

Naku mai sauraro,
daga Zariya