Wasiƙa daga Houston

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da ƙannena. Ni ma lafiya lau, sai dai zafin garin nan mai ɗanshi, gumi ba ya bushewa a jikin mutum.

Inna ta faɗa mini a waya cewa hankalinka bai kwanta ba tun da ka ji walda nake karanta. Ban ga laifinka ba, don walda da muka sani ita ce ta bakin titi, ta ƙyaure da taga. Ta nan karatu ce ta shekara 2 a kwalejin al'umma, kiredit 60 (wato ma'aunin yawan darussan da mutum zai kammala), a ƙarshe a ba mutum ƙaramin digiri, kusan kamar difiloma a wurinmu. Akwai lissafi, da karanta zanen injiniya, da sanin halin ƙarfe idan wuta ta ci shi.

Ka ga sandar walda da Kawu yake ajiyewa a kwali ƙarƙashin benci? Akwai irinta mai lamba 7018, a nan cikin tanda mai zafi ake ajiye ta, domin idan ta sha ɗanshi ɗinkin yana iya tsagewa bayan ya huce. Ranar da malam ya yi mana wannan bayani, sai na tuna ƙarafan da suke ɓallewa a gida, a ce ƙarfen ne ba shi da kyau.

Yanzu bututu muke yi. Ana kafe shi a karkace, ba a juya shi, kai ne za ka zagaye shi har ƙasansa, tartsatsi na zuba maka a hannun riga. Sunan wannan gwajin 6G. Idan ka gama, sai a yanko guntu a lanƙwasa shi a inji. Nawa na farko ya buɗe. Na yi mako biyu ina zuwa tun bayan asuba, na biyun ya lanƙwashe sumul, ko gashin tsaga babu. Wallahi Baba sai da na yi ƙwalla. Masu shaidar cin wannan gwajin su ake nema a matatun mai da ke bakin mashigin jiragen ruwa na garin nan.

Abin da ke damuna shi ne idon Kawu. Baƙin tabarau ba ya tare hasken walda, shi ya sa yake kwana idonsa kamar an watsa yashi. Na saya masa hular walda mai gilashin da ke yin duhu da kansa da zarar wuta ta kama. Zan ba wani ɗan uwa da zai zo Kano bayan Sallah. Don Allah ka sa baki ya riƙa sawa, maganarka yake ji.

A gaida Inna, a ce mata yajin ya kusa ƙarewa. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanka mai biyayya.