Na kwance tayar gaban babur ɗinka

Ƙofar Na'isa, Kano.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa? Mu ma nan Agusta ta yi halinta, lungunmu sai da tattare wando. Jiya na leƙa Hajiya, ƙafar da sauƙi. Ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne.

Gara ka ji daga bakina kafin autanku ya kai maka labari da gishiri: na kwance tayar gaban Boxer ɗinka, ni da kaina, a tsakar gida. Kwantar da hankalinka, amanarka tana nan lafiya, yau ma da shi na je Kantin Kwari na dawo.

Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ce, ka san ranar tsaftar muhalli, ba fita sai goma ta yi. Na fito zaure na tarar da tayar a ƙasa, ƙusa ta shige ta har kai. In na ce zan tura shi zuwa bakin titi wurin mai faci, rim zai tauna tiyub ɗin kafin in isa, faci ɗaya ya zama sayen sabo. Ga shi kuma tun da na kutsa wani ruwa kwanakin baya nake jin gurnani daga gaba. Sai na ce tunda yau zaman gida ya kama ni, bari in cire tayar kawai, in an buɗe hanya in saka ta a Adaidaita Sahu.

Wautar farko: na kafe shi a jak na tsakiya, na cusa bulo da guntun katako ƙarƙashin inji har tayar ta bar ƙasa, sannan na ɗora sifana a kan notin aksul, wato ƙarfen nan da ya ratsa tsakiyar taya. Ina murɗawa kan babur yana bi na, saura ƙiris ya sauko daga kan bulon ya danne ni. Ashe tun taya tana ƙasa ake sassauta wannan notin, nauyin babur ya riƙe maka ita, daga baya ka ɗaga. Na sauke na sake lale.

Daga nan kwancewa ba wuya. Na warware ɗan notin da ke ƙarshen wayar birki na zare ta, na kwance wayar mitar da ke nuna gudu, na cire babban notin, na ɗora katako a kan aksul na ɗan bubbuga shi har ya fita. Kada ka taɓa sa masa guduma kai tsaye, zaren noti zai lalace. Taya ta faɗo, farantin birki ya fito ta gefe ɗaya, wani ɗan bututun ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba ya fito ta ɗaya gefen, ya gangara ya shige bayan randa. Sai da ni da autanku muka yi rarrafe muna nemansa, maiɗakina tana daga ƙofar kicin tana cewa, “Malam, da ka jira goman ta yi.” Ƙaramin abu ne, amma shi ke hana tayar zamewa ta goga jikin ƙafar babur. Dabara ɗaya da na yi ranar da zan yabi kaina a kai ita ce hoton da na ɗauka da waya kafin in taɓa komai.

Na sa yatsa a cikin boris, wato zoben ƙarfe mai 'yan ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, na juya, na ji kamar an zuba masa yashi. Ga mai gurnanin nan. Wannan kam ban yi gangancin taɓa shi a gida ba, don in aka buga sabo a karkace, an kashe shi tun bai fara aiki ba, wani lokaci har mazauninsa ya buɗe. Bayan mai faci ya gama, na wuce 'Yan Babura a Fagge, aka duba lambar da ke jikin tsohon aka ba ni irinsa guda biyu, wani bakanike ya saka su a gabana. Biyun duka na sa aka canza. Ruwan da ya ci ɗaya ai bai bar ɗan'uwansa ba.

To, mayarwa, nan ne gizo ke saƙa.

Na goge cikin gangar birki da busasshen tsumma, na shafa wa aksul giris kaɗan, ina kaffa-kaffa kada ya taɓa takalman birki, don in maiko ya hau su, sai dai ka matse hannu babur yana tafiyarsa. A cikin farantin akwai wasu 'yan kunnuwa biyu da ke juya mita, dole su faɗa gurbinsu a jikin taya, in ba haka ba farantin ba zai zauna daidai ba, in ka matsa da ƙarfi kuma su lanƙwashe. Na yi ta juya shi a hankali har na ji ya faɗa. Na ɗaga taya da ƙafa, na zura aksul, na ɗaura noti, ina ta jin kaina.

Sai ga Baba maƙwabcinmu ya yi sallama zai karɓi aron tsani. Ka tuna ya yi shekaru yana acaɓa, har zuwa Janairun 2013 da aka hana sana'ar a gari bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Kallo ɗaya ya yi wa tayar ya ce, “Ɗana, hawa za ka yi a haka?” Na ce me ya gani. Ya tsuguna ya nuna min wata tsaga a jikin farantin birki, da wani ɗan tudu a jikin ƙafar babur wanda ya kamata ya shige cikinta. Nawa tudun yana waje, yana gefe abinsa. Shi ne ke riƙe farantin idan ka kama birki. In ba ya ciki, farantin zai bi taya ya juya, ya finciko waya, ko dai ta tsinke ka rasa birki, ko taya ta cije nan take ka tashi ta saman kai. Na tuno yadda nake saukowa daga gadar Ƙofar Nassarawa, sai na ji gwiwata ta yi sanyi. A tsaye babu abin da zai nuna maka, taya tana juyawa lafiya lau.

Muka sake zarewa. Baba bai karɓi sifanar ba, ya ce hannun da ya ɓata shi zai gyara. Ya sa na ɗaura notin sama-sama, na mayar da wayoyin biyu, muka sauke babur daga bulo, na danna kansa ƙasa sau huɗu ko biyar don ƙafafun su daidaita. Sannan ya matse birki ya riƙe, ni kuma na ɗaure notin tamau, ta haka takalman ke zama a tsakiyar ganga. Muka saita wayar yadda hannun birki zai ɗan yi wasa kafin ya kama. Na zagaya lungu sau uku a giya ɗaya ina kamawa ina saki. Gurnani ya tafi, allurar mita tana motsi.

Na ji ka ce kana harin wani mai birkin faifai a can. In ka saya, ranar da ka cire masa taya kada ka bari yaro ya matsa hannun birki, don takalman za su haɗe, sai ka sha wuya kafin faifan ya koma tsakaninsu. Baba ne ya ce in gaya maka.

Tayar baya kuma ta suɗe, zanenta ya kusa ɓacewa, ga damina. Ita ba zan taɓa ta ni kaɗai ba, da sarƙa da komai a wurin. Baba ya ce Asabar mai zuwa in kawo shayi da burodi ya tsaya a kaina. Ka faɗa min ko in saya daga kuɗin da ka bari wurin Hajiya, ko in jira ka turo.

Ka gaida mutanen gidanku da duk 'yan Kano da ke can. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka na Ƙofar Na'isa.