Godiya ga masu shagon gyaran kwamfuta na Adum, Allah Ya saka

Assalamu alaikum jama'ar Zango, na Aboabo da Asawase da Alabar da duk inda wannan rubutu ya kai.

Masta, kai da yaranka na shagon nan na Adum nake wa wannan godiya a bainar jama'a, don abin da aka yi min da gaskiya bai kamata na yi godiyarsa a ɓoye ba. Ban sa sunan shago ko lamba ba saboda ban nemi izininka ba, wanda ke so ya yi min magana zan nuna masa hanya.

Masu sanina sun san ina da ɗan shagon buga takardu a Aboabo, katin biki, katin suna, tambayoyin jarrabawa na makarantun Islamiyya, duk a kan kwamfuta ɗaya. Wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi, madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, ya ƙone. Ni duk tunanina a kan kuɗin sabuwar na'ura yake, ashe babbar maganar tana wajen lasisi, wato Windows da Office da Photoshop ɗin da na biya kuɗinsu, shin za su bi ni ne ko sun mutu tare da tsohuwar.

Abin da ya burge ni Masta, ba ka ce min "kawo kawai za mu sa maka komai" ba kamar yadda aka saba ji a kasuwa. Zaunar da ni ka yi ka rarrabe min su ɗaya-ɗaya. Ka ce Windows ɗin da ya zo tare da na'ura daga kamfani, wanda ake ce wa OEM, na wannan na'urar ne ita kaɗai, tun zamanin Windows 8 ma makullin lasisin a cikin madabod ɗin ake dasa shi, shi ya sa ba a ganin sitika mai haruffa 25 a jikin laftop kamar da. To nawa irin wannan ne, ya tafi, ka faɗa min ba ɓoye-ɓoye ko da yake ban ji daɗi ba a lokacin. Amma wanda mutum ya saya daban da kuɗinsa, shi yana iya cire shi daga wata na'ura ya kai wata, musamman in ya haɗa shi da akawun ɗinsa na Microsoft, akwai wurin da zai shiga ya ce ya canza kayan na'ura sai a mayar masa.

Sai maganar sayen hom yus, wato na'urar da aka riga aka yi amfani da ita. Na ga wata mai araha raina ya biya, kai ka hana ni. Ka ce Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 yana son TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na na'ura, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, wannan kuwa na 6 ce. Wallahi da ka yi shiru da ka sayar, don a shagonka take. Wadda muka ɗauka daga baya ka buɗe a gabana ka buga slmgr /dlv ka nuna min irin lasisin da ke ciki, nata ne na asali, nau'in Windows da ake ce wa Pro, aka yi fomatin aka sa Windows 11 Pro, ana jona intanet ya kunna kansa ba a buga makulli ko ɗaya ba. Nan ma ka ja kunnena cewa in na'ura lasisin Home gare ta aka sa mata Pro ba zai karɓa ba, dole irinsu ya zo ɗaya.

A nan ne na gane matsalar wani abokina mai shagon hoto, da kullum yake kukan rubutun nan da ke fitowa a ƙasan allo cewa a kunna Windows. Ashe irin lasisin manyan kamfanoni aka sa masa, wanda sai na'ura ta riƙa tuntuɓar sabar kamfanin, in an yi kwana 180 ba ta ji ta ba sai ya faɗi. Mutum ya biya kuɗi yana zaton ya mallaka, bayan wata shida a ce ya sake kawowa. Wannan dai cin amana ne ko da wane suna aka kira shi.

Office bai ba da wahala sosai ba sai wajen tuna imel ɗin da aka yi rajista da shi, don shi a jikin akawun yake, kuma ƙanwar nan tamu da ke koyon aiki a shagon ita ta yi haƙuri da ni har aka dawo da fasawod ta lambar wayata. Allah Ya yi miki albarka ƙanwata, ko tsaki ba ki yi ba. Photoshop kuwa kamfaninsa Adobe na'ura biyu suke yarda mutum ya shiga, ga laftop na gida ga wadda ta ƙone tana nan ana ƙirga ta, ƙanwar nan ce ta nuna min yadda ake fitar da matacciyar daga lissafi sabuwa ta shiga.

Wani da ke zaune a shagon ya ce me ya sa ba za a sa min kirak ba, wato manhajar sata marar lasisi, a huta, Masta ka ce mai riƙe da takardun mutane da hotunan fasfo ɗinsu ba ya kashe garkuwar kwamfuta don ya sa abin da bai san wanda ya haɗa ba. Kuɗin aikin hannu kawai ka karɓa ta momo, ka kuma sa aka rubuta min imel da irin kowane lasisi a takarda na ajiye.

Allah Ya ƙara kasuwa, Ya tsare shagon daga wuta da ɓarayi, Ya sa yaran nan su gaji halinka. Ranar Asabar in sha Allahu zan kawo abokin nawa mai hoto da tasa na'urar.

Naku, mai buga takardu na Aboabo, Kumasi.