Wasiƙa zuwa ga abokina a kan muryarsa da sunansa

Ɗan'uwana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan ƙalau muke, sai godiyar Allah.

Wasiƙarka ta iso, na kuwa karanta ta a nitse. Ka ce kana so ka sauka daga jagorancin mawaƙan ikilisiya, domin duk ranar da aka tashi sujada mutane suka yanyame ka da yabo, sai ka ji zuciyarka tana kumbura, abin yana ba ka tsoro. Can ƙasa kuma, kamar ba kai ba, ka saka maganar babban taron nan da aka ba wani saurayi waƙar da ka tsara ya rera, aka yi ta sa masa albarka, ba wanda ya ambaci sunanka, har yau abin yana ci maka rai. Kada ka ji haushina, amma a ganina ciwon nan biyu uwa ɗaya ta haife su. Wanda yabo yake kumbura shi, shi ne rashin yabo yake soka.

Ajiye waƙa ba zai yi maka magani ba. Duba Matiyu sura 25, inda maigida ya ba bayinsa talanti, wato kuɗi masu yawa: wani biyar, wani biyu, wani ɗaya. Mai ɗayan nan da bakinsa ya ce tsoro ne ya sa ya haƙa rami ya binne nasa. Maigidan bai ce masa madalla da tawali'u ba, mugun bawa ya kira shi, kuma rago. Muryar nan ba taka ba ce balle ka binne ta. Bulus ya tambayi mutanen Koranti, me suke da shi wanda ba ba su aka yi ba?

Wanda na fi so ka zauna ka yi tunani a kansa shi ne Sarki Dauda. Shi ya yi marmarin gina Haikali, Allah ya ce ba shi zai gina ba. Bai yi fushi ya naɗe hannu ba. Ya tara zinariya, da azurfa, da tagulla, da baƙin ƙarfe, da katako, ya ƙara da dukiyarsa ta kansa, ya miƙa wa ɗansa Sulemanu tsarin ginin duka, har mawaƙa ya shirya ƙungiya-ƙungiya. Ranar da jama'a suka kawo nasu, addu'arsa a 1 Tarihi 29 ita ce, kome daga wurin Allah yake, abin da ya ba su ne suke mayar masa. To, yau wa yake cewa Haikalin Dauda? Na Sulemanu ake cewa. Dauda ya san idonsa ba zai ga ginin ba, amma bai rage ko ƙusa ɗaya ba. Waƙarka a bakin saurayin nan, ai labarin ke nan.

Shi kuwa yabon jama'a, bai kai a riƙe shi da hannu biyu ba. A Listira, da Bulus ya warkar da gurgu, mutanen garin suka ɗauke shi da Barnaba alloli, har da kawo bijimai za a yi musu hadaya. Ba a daɗe ba taron nan ya jejjefi Bulus da duwatsu, aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu. Duka a sura ɗaya, Ayyukan Manzanni 14.

Ka san labarin Eric Liddell, ɗan tseren Sikotilan? A gasar Olamfik ta 1924 a Paris ya ƙi shiga tseren mita 100 don zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi, ya shiga na mita 400 ya ci zinariya. A 1925, sunansa na tashe, ya tafi ƙasar Sin aikin bishara da koyarwa. A sansanin da sojojin Japan suka tsare baƙi ya rasu a 1945, yana koyar da yara yana shirya musu wasanni. Ka lura, shi ma bai ƙi yin gudu ba don tsoron tafi.

Ga shawarata, in za ka ɗauka. Ranar Lahadi ka tsaya inda ka saba, ka buɗe murya. In an yabe ka, ka ce na gode kawai, ka bar “ai ba kome ba ne” ɗin nan da muke yi muna jiran a ƙara mana. Sa'an nan ka nemi saurayin, ka zaunar da shi, ka nuna masa inda ake jan numfashi da inda ake sassauta murya, ka ba shi wata sabuwar waƙar ya fara rera ta kafin kai. Zai yi maka ɗaci, ban ɓoye maka ba, musamman in aka sāke yaba masa a gabanka.

Kafin ka kai wa fasto maganar sauka, ka rubuto mini tukuna. Ka kuma aiko mini da kalmomin waƙar, ina so mawaƙanmu su koya. A gaida mutanen gida duka.

Naka cikin Almasihu,
Abokinka